Kifin Mairuwa na waye?

Idan ka tsaya wurin masu suyar kifi da yamma a Funtua ko Malumfashi, ka bi diddigin abin da ke cikin kaskonsu, tafiyar za ta kai ka nesa. Taitus da shawa kifin ƙanƙara ne, an kamo su a tekun Norway ko Holan ko Muritaniya, sun sauka Legas, sun hau motar sanyi sun keta ƙasar nan kafin su iso. Banda daga Yawuri take zuwa, ko daga ɓangaren Tafkin Chadi idan hanya ta yi kyau. Tarwaɗa mai rai da ke motsi a baho yawanci ta kiwo ce, a tankin siminti ko na roba ta girma. Kifin ruwanmu, na madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi, shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, a yawa da kuma a jiki. Abin da ban takaici idan aka tuna cewa kogin Sakkwato a nan kusa da Funtua yake fara tasowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya ratsa Argungu inda ake ɗaga giwan ruwa ana ɗaukar hoto.

A duba tiren mai sayar da kifin dam da kyau. Karfasa ce aka kasa kashi-kashi, kowace ɗaya faɗinta bai fi yatsu uku ba, kai da ƙaya sun fi tsoka. Mai saye ba ya ƙirga ta, kashi yake nunawa ya taya. Masunta suna auna idon ragarsu da yatsa ne, sai ka ji an ce wannan kalli mai yatsa huɗu ne, wancan mai yatsa biyu. Kifin da ke kan wannan tire ragar da ta kama shi da ƙyar yatsa ɗaya zai shiga idonta, wani lokacin ma gidan sauro ne aka ɗinke aka ja a bakin ruwa. Karfasa kuwa a bakin ruwan take haƙa gurbinta, uwar ta ɗauke ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya ja taru a wurin bai kama kifin yau kaɗai ba, har da na baɗi ya kwaso.

Abin da aka saba faɗa shi ne masunta ba su da wayewa, a wayar musu da kai. Ban yarda ba. Babu masuncin da bai san cewa kifin da ya saki yau zai ninka nauyi cikin watanni ba, ya fi jami'in da zai yi masa lacca sanin haka. Abin da kuma ya sani, wanda jami'in ba ya son ji, shi ne idan ya saki kifin ba shi zai kama shi ba. Wani ne zai kama, watakila da daren nan. A yankin da kowa manomi ne wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Manomin Bakori ko Ɗanja yana ware iri ya ɓoye a rumbu, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa shi, saboda gonar tasa ce kuma shi zai girbe. Da a ce gonar ta kowa ce, duk wanda ya riga isa ya yanka, da babu mai ajiye iri, da masara tun tana ɗanya za a karye ta. Dam ɗinmu haka yake. Wani masanin tattalin arziki ɗan Kanada, H. Scott Gordon, ya rubuta wannan tun 1954: ruwan da babu mai iko da shi mutane za su yi ta shigarsa har sai ribar ta ƙare ƙaf, kowa yana aiki tuƙuru, kowa yana fita da abin da bai kai wahalarsa ba.

A kan wannan sai a ɗora bashi. Masunci da yawa ragar da ke hannunsa ba da kuɗinsa ya saya ba. Dillali ne ko wani uban gida ya ba shi, da sharaɗin duk abin da ya kamo shi zai kawo wa, a farashin da ba a cika musu a kansa ba. Mutumin da ake jira a bakin ruwa kowace safiya ba shi da halin cewa yau zan bar ruwa ya huta. Duk dokar da ta kama masuncin ta bar wanda ya saya masa ragar, ta kama wutsiya ne.

To ina dokar take? Akwai ta, a takarda. Gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 108 a 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa. Ta hana amfani da raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wajen inci uku ke nan, in ban da ragar kama ƙananan kifin nan da ake kira warangi. Ta hana guba da nakiya da lantarki. Ta ba kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. A iya nan babu laifi. Amma tarar da ke ciki an yanke ta ne da kuɗin 1992, daga 'yan ɗaruruwan naira zuwa 'yan dubbai, abin da yau bai kai cinikin safiya ɗaya ba. Wanda ya zuba maganin ƙwari irin Gamalin a ruwa ya kwashe kifin da ya taso, idan an kama shi zai iya biyan tarar daga cikin cinikin ya koma gida da saura. Kakanninmu ma sun san majimfa, amma a kududdufin da zai ƙafe suke zuba ta, ba a ruwan da gari guda ke sha ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya sa kamun kifi amma ya cire na koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa. Ma'ana, kifin Mairuwa aikin Katsina ne, ba na Abuja ba. A 2023 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga ma'aikatar noma aka mayar can. Ma'aikatar da ke fama da tashoshin Apapa da Onne da jiragen kamun jatan lande, ba na zaton karfasar Gwaigwaye za ta hana ta barci. Masu jiran Abuja ta gyara wannan za su daɗe.

A gida kuma ruwan iyayen gijinsa sun yi yawa, shi ya sa ya zama maraya. Ƙananan madatsun kudancin Katsina don ruwan sha aka gina su, hukumar ruwa abin da ya dame ta famfo ne da injin. Manya irin Zobe a Dutsin-Ma da na Jibiya suna hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda hankalinta ke kan noman rani. Ma'aikatar gona tana da jami'an kifi. Ƙaramar hukuma tana da mai rasit. Masarauta tana da Sarkin Ruwa. Kowa yana da ɗan abin da yake karɓa ko yake sa wa hannu, amma ka tambaya waye zai amsa idan kifin ya ƙare, sai a yi ta kallon juna.

Mutane suna son kawo misalin Argungu, kuma da gaskiyarsu, sai dai suna kallon ɓangaren da bai fi muhimmanci ba. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, abin da ake nunawa a talabijin ɗan lokaci ne da dubban mutane ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora. Abin da ya sa ake samun ƙaton kifi a wurin shi ne sauran watannin da ba a nunawa, lokacin da ruwan yake rufe, Sarkin Ruwa yana tsare da shi, kuma kowa ya san akwai masarautar da za a je gabanta idan an karya. Wannan iko ya daɗe, Kabawa sun gaje shi ne tare da kogin. Madatsunmu kuwa jiya-jiya aka yi su, a kan gonakin mutanen da ba su gaji kamun kifi ba. A madatsun Arewa da dama waɗanda suka iya sana'ar baƙi ne da suka biyo ruwa, 'yan gari kuma suka koya a hannunsu. Ana naɗa Sarkin Ruwa, amma rawaninsa bai zo da ikon kama kowa ba. Idan ya hana ɗan wani mai faɗa a ji jan taru, gobe sai a kira shi a ce ya yi haƙuri. Saboda haka masu cewa a koma wa gargajiya kawai, ina ganin suna neman a koma inda ba a taɓa zama ba.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Kainji, domin shi ma dam ne da mutum ya gina, an kammala datse shi a 1968. Da kifinsa ya fara ja baya, Nijeriya da Jamus suka fara wani aikin haɗin gwiwa a shekarun 1990. Sun ƙirga masunta da jirage da raga ƙauye-ƙauye, sun riƙa auna abin da ake kamawa, jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokinsu, aka shigo da lasisi, aka sa sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin, har aka kai ga hana dala, babbar ragar da ake ja a gaɓa tana kwaso komai har da 'ya'yan kifi. An ga amfanin haka. Amma da aikin ya ƙare, kuɗin man jirgin sintiri ya yanke, sa ido ya yi rauni, dala ta sake fitowa. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne tsarin da ke rayuwa da kuɗin baƙo yana mutuwa ranar da baƙon ya tafi. Dole ruwan ya biya kuɗin tsaron kansa, kuma masu tsaron su zama waɗanda za su yi asara idan an sata.

Kada kuma a ce talakan masunci ba zai iya biyan komai ba. Yana biya tun tuni. A Tafkin Chadi an daɗe ana biyan kuɗi kafin a ba mutum wurin kafa dumba, jerin gura da ake datse hanyar ruwa da shi, sannan a biya a kan hanya shinge bayan shinge kafin banda ta bar Baga. Da 'yan ta'adda suka kama tsibiran, harajin kifi na daga cikin abin da suka fara karɓa. Kifi yana da rarar da wani zai ɗauka ko ta halin ƙaƙa. Gardamar kawai ita ce wa zai ɗauka, kuma ko wani abu daga ciki zai koma ruwan.

Abin da nake ganin ya dace da ƙananan madatsunmu bai da ado. Majalisar dokokin jiha ta yi dokar da za ta ba ƙungiyar masuntan kowane dam haƙƙin kifinsa na tsawon shekaru, a rubuce, da sunayen mutane da adadin jirage. Wanda ba ya cikin rajista ba ya shiga da raga, sai da izninsu kuma da biya. Yaro mai fatsa da ke neman na miya a bar shi, ba shi ne matsalar ba. Kuɗin lasisi a raba, kaso mai tsoka ya zauna a asusun ƙungiyar don jirgin sintiri da zuba 'ya'yan kifi, sauran ya tafi wa gwamnati. Aikin gwamnati shi ne ta tsaya a bayansu: idan sun kama mai guba, kotu ta hukunta shi da tarar da za ta yi zafi, idan su suka karya sharaɗi a karɓe haƙƙin. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin irin wannan a ƙasashe da yawa, kuma abin da ta gano shi ne jama'a suna iya kula da dukiyar da suka haɗa idan an san iyakar masu haƙƙi, su suka sa hannu a dokar, kuma hukuma ba ta rushe abin da suka yanke. Dam kamar Mairuwa ya fi teku sauƙin wannan nesa ba kusa ba, domin daga gaɓa ɗaya kana hango ɗayar, kowa ya san jirgin kowa.

Tsawon shekarun nan shi ne zuciyar maganar, kuma a nan nake tsoron za a ɓata ta. Hanyar da ta fi wa mai neman kuɗin shiga sauƙi ita ce ya yi gwanjon ruwan duk shekara, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Wannan ya fi rashin doka muni. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don wata goma sha biyu, kuma bai san ko baɗi shi za a ba ba, zai tace ruwan har laka kafin wa'adinsa ya cika, masuntan kuma su koma leburorinsa. Ko a ƙasashen da suka yi nisa an ga irin wannan haɗari ta wata fuskar. Iceland ta raba wa jirage kason kifi tun 1984, ta ba da damar sayar da kason, kifin ya farfaɗo amma kason ya taru a hannun manyan kamfanoni, ƙauyukan gaɓa da dama suka rasa sana'arsu. Don haka haƙƙin da nake magana ya zama na ƙungiya, ba mai sayuwa ba, kuma mai tsawon da mutum zai ga ribar haƙurinsa, shekara biyar ko fiye.

Rufe ruwa kuma a nan ya fi arha fiye da ko'ina, kuma ina mamakin yadda ba a lura ba. Tarwaɗa da farkon damina take hayayyafa, idan ruwa ya hau kan ciyawa. Daidai wannan lokacin ne ake neman hannu a gona kamar me, shuka da noman farko da maimai, kuma yawancin masu shiga ruwa a yankin nan suna da 'yar gonarsu. A wasu ƙasashe sai an biya masunta kafin su yarda su zauna a gida. A nan Allah ya riga ya haɗa lokacin hutun ruwa da lokacin aikin tudu. Waɗanda za su ji jiki su ne baƙin da ba su da gona, kuma su ne ya kamata asusun ƙungiya ya fara dubawa, in ba haka ba da dare za su shiga, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba.

Batun ƙananan raga ba a bakin ruwa kaɗai ake yaƙarsa ba. Masunta suna da yawa kuma da duhu suke fita, amma masu sayar da raga a kasuwa 'yan kaɗan ne, masu sarin kifi ma an san su. Idan sayen karfasar da ba ta kai girma ba ya zama abin da ake ƙwacewa a hannun dillali, shi da kansa zai daina raba ragar da ke kamo ta. Sannan a ba mutane lokaci da hanyar musanya. Uganda ta tura soja Tafkin Victoria a 2017, suka ƙona raga da jirage, kifi ya ɗan dawo, amma koke-koken duka da cin zarafi suka cika ƙasar, ƙananan masunta da yawa suka fita daga sana'ar. A yankin da ke fama da 'yan bindiga daga Faskari zuwa Sabuwa, ƙona wa saurayi abin neman abincinsa a sallame shi hannu rabbana ba dabara ba ce.

Akwai wani biki da gwamnatoci ke so, na zuba 'ya'yan kifi a dam. A zo da jarkoki, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Idan ba a rufe ruwan ba, kuma ba a san masu shi ba, waɗannan 'ya'yan kifin cikin makonni kaɗan za su bayyana a tire, an kasa su kashi-kashi. Ba kuma masunta ne kaɗai ke cin ruwan ba. Noman da ake yi har bakin gaɓa yana tura laka dam yana cikewa, maganin feshin ciyawa da na ƙwari yana gangarowa da ruwan farko, wasu ma a dam ɗin suke wanke tankin feshi. Ƙungiyar da ke da haƙƙi a rubuce tana da bakin kai ƙara kan wannan. Masuncin da shi ma shigar sata yake yi ba shi da shi.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan 'yan madatsun da kifinsu ba zai cika tirela ba, alhali ƙasar na buƙatar wajen tan miliyan 3.6 a shekara, kamar yadda jami'ai ke maimaitawa, tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gaskiya ne dam ba zai cike wannan giɓi ba, kiwo ne zai rage shi. Nan ma yankinmu yana tsaye a wurin da ya kamata ya ci riba amma bai ci ba. Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon tarwaɗa, kuma masara da waken suya suna cikin manyan kayan haɗinsa. Ana loda su a kasuwar Ɗandume da ta Funtua, su tafi masana'antun Ibadan da Ilorin, su dawo a buhu mai tambari da kuɗin mota na zuwa da na dawowa a kansu. Tun da aka cire tallafin mai kuma aka saki naira a 2023, masu tanki da yawa sun kife su. Amma kifin dam yana da abin da na tanki ba shi da shi: ba a saya masa abinci. Shi ne nama mafi arha da ƙauyen da ke gefen ruwa zai iya samu, kuma shi ne wanda mace mai suya da jari kaɗan za ta iya sara.

Idan har za a yi, wurin da za a fi yin maguɗi shi ne rajista. Ranar da aka ji cewa suna a takarda yana nufin haƙƙi, da watakila rance ko jirgi kyauta, sunayen mutanen da ba su taɓa jiƙa wando ba za su cika ta, kowane kansila da nasa. Saboda haka ƙirga ya riga sanarwa. A je bakin ruwa da asuba, a rubuta wanda aka gani da jirginsa da irin ragarsa, a sake komawa da rani da kaka, a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙauyen domin masu sana'ar su tsame baƙin suna da kansu. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta yi irin wannan ƙidaya a Kainji, tana da mutanen da suka iya, kuma jami'o'in Dutsin-Ma da Zariya suna da ɗaliban da ke neman inda za su yi aikin bincike. Matan da ke banda da suya su ma a sa su, da kujerarsu a kwamitin, domin su ne suka san nauyin abin da ke fitowa daga ruwan kowace rana.